Uwar Jam'iyya da Rassanta: Rabon Iko a Jam'iyyun Riƙau Masu Da'awar Talakawa a Nahiyar Turai

Tsakure

Cikin shekaru arba'in da suka gabata, jam'iyyun riƙau masu da'awar talakawa sun taso daga gefen fagen siyasar Turai sun shiga tsakiyarsa, har an kafa gwamnatoci da wasunsu. Akasarin sharhin da ake yi a kansu ya fi karkata ga kalaman shugabanninsu da matsayinsu game da baƙi, alhali tsarin cikin gida shi ke nuna wadda za ta ɗore da wadda za ta watse. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda waɗannan jam'iyyu ke raba iko tsakanin uwar jam'iyya da rassanta, ta hanyar duba misalai daga Holan da Faransa da Italiya da Suwizalan da Ostiriya da Jamus. An lura cewa kusan dukkansu suna tattara ikon manufa da ladabtarwa a hannun shugabanni kaɗan, amma sun sha bamban wajen yawan damar da suke bar wa rassa. Asalin jam'iyya da tsarin mulkin ƙasa da dokokin zaɓe da hanyar samun kuɗi su ne ke haifar da wannan bambanci.

Fitilun kalmomi: jam'iyya, riƙau, da'awar talakawa, rabon iko, rassa, Turai

1.0 Gabatarwa

Duk jam'iyyar da ke neman mulkin ƙasa tana fuskantar buƙatu biyu masu karo da juna. Tana buƙatar murya ɗaya domin mai zaɓe ya san abin da ta tsaya a kai, tana kuma buƙatar mutane a unguwanni da ƙauyuka waɗanda za su kafa rumfa a kasuwa, su raba takardu, su tsaya takarar kansila. Buƙata ta farko tana jan iko zuwa hedikwata, ta biyu kuwa tana jan sa zuwa rassa, domin wanda ya yi wahalar gina reshe yakan so a saurari ra'ayinsa.

Wannan matsala ta fi tsanani ga jam'iyyun da ake magana a kansu saboda dalilai biyu. Na farko, suna iƙirarin cewa su kaɗai ne bakin talaka, don haka duk wata ɓaraka a cikinsu tana ƙaryata iƙirarin. Na biyu, sukan ja hankalin masu tsattsauran ra'ayi waɗanda kalma ɗaya daga bakinsu kan iya jawo wa jam'iyya baƙin jini a ƙasa baki ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace hanyoyin da suka bi wajen warware matsalar, da abin da kowace hanya ta haifar.

2.0 Fashin Baƙin Kalmomi

Masanin siyasa Cas Mudde (2007) ya bayyana cewa abubuwa uku ne ginshiƙin aƙidar waɗannan jam'iyyu. Akwai fifita 'yan asalin ƙasa a kan baƙi, da son tsauraran matakan doka da oda, da kuma raba al'umma gida biyu: talakawa nagari a gefe guda, manya azzalumai a ɗaya gefen. Kashi na uku shi ne aka kira da'awar talakawa a nan, biyun farko kuma su ne suka sa aka kira su 'yan riƙau.

Akwai buƙatar yin hattara da kalmar talakawa, domin a kunnen Bahaushe tana ɗauke da tarihin jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 da gwagwarmayar Malam Aminu Kano. Waccan siyasa ta raba mutane ne ta fuskar mulki da dukiya. Jam'iyyun Turai da ake nazari sun ƙara wani sharaɗi, wato asali da al'ada, ta yadda baƙo, ko da ya fi kowa talauci, ba ya shiga sahun talakawan da suke da'awar karewa.

Uwar jam'iyya a wannan maƙala tana nufin shugaba da majalisar zartarwa ta ƙasa da ma'aikatan hedikwata. Rassa kuwa sun haɗa da na jihohi ko larduna da na garuruwa.

3.0 Ma'aunan Nazari

Tun a 1911 Robert Michels ya nuna cewa duk ƙungiyar da ta girma, ikonta kan koma hannun 'yan tsiraru, komai ƙaunarta ga dimokuraɗiyya. Maurice Duverger (1951) ya bambanta jam'iyyar manyan mutane, wadda ba ta farkawa sai lokacin zaɓe, da jam'iyyar ɗimbin mambobi mai rassa da kuɗin rajista da taruka na kullum. Angelo Panebianco (1982) kuma ya jawo hankali ga yadda aka haifi jam'iyya: ko dai cibiya ce ta fara samuwa sannan ta dasa rassa, ko kuma ƙungiyoyin yankuna ne suka taru suka haifi cibiya. A ganinsa wannan asali yana bin jam'iyya tsawon rayuwarta.

Daga waɗannan ra'ayoyi za a iya fitar da tambayoyi huɗu da ke auna inda iko yake a kowace jam'iyya. Wa ke tsayar da 'yan takara? Wa ke naɗa shugabannin rassa ko sauke su? Wa ke da ikon korar mamba? Ta hannun wa kuɗi ke shigowa? Amsoshin sun fi abin da ke rubuce a kundin tsarin jam'iyya bayyana gaskiya.

4.0 Sigogin Rabon Iko

4.1 Jam'iyyar da Ba Ta da Mambobi: PVV ta Holan

Geert Wilders ya bar jam'iyyar VVD a 2004, ya kafa PVV a 2006. A hukumance mambobinta biyu ne kacal, wato shi kansa da wata gidauniya da ke ƙarƙashin ikonsa, daga nan aka rufe rajista. Ba ta da babban taro, ba ta da rassa masu zaɓen shugabanni, 'yan majalisarta ma ba mambobinta ba ne.

Wannan tsari ya samo asali daga abin da ya faru da jam'iyyar LPF. An kashe wanda ya kafa ta, Pim Fortuyn, a watan Mayun 2002, kwanaki kaɗan kafin zaɓe. Ta sami kujeru 26 daga cikin 150, ta shiga gwamnati, amma rigingimun cikin gida suka rusa gwamnatin cikin ƙasa da wata uku. A zaɓen 2003 kujerunta suka koma 8. Wilders ya ɗauki darasin cewa ƙofa a buɗe ita ke shigo da rikici, sai ya kulle ta.

Kullewar ta zo da nata farashi. Dokar Holan ta tanadi cewa sai jam'iyya tana da mambobi 1,000 kafin ta sami tallafin gwamnati, don haka PVV ta rasa wannan kuɗi. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2010 garuruwa biyu kawai ta tsaya takara, Almere da Hague, saboda ƙarancin amintattun mutane. Ɗan majalisa Hero Brinkman, wanda ya nemi a buɗe jam'iyyar ga mambobi, ya fice a 2012. Duk da haka PVV ta zo ta ɗaya a zaɓen Nuwamban 2023 da kujeru 37, ta shiga gwamnati a 2024, sannan Wilders ya janye ta a watan Yunin 2025 ba tare da wani taron jam'iyya da zai tambaye shi dalili ba.

4.2 Rassa a Hannun Hedikwata: RN ta Faransa

An kafa jam'iyyar FN a 1972, kuma Jean-Marie Le Pen ya shugabance ta har zuwa 2011. Tana da mambobi da rassa a lardunan ƙasar, amma hedikwata ce ke naɗa shugaban kowane reshen lardi, kuma wani kwamiti na ƙasa ne ke tantance 'yan takarar majalisa. Wannan ya dace da tsarin Faransa kanta, inda al'amuran mulki suka taru a Faris.

Tarihin jam'iyyar ya nuna dalilin da ya sa hedikwata ke ɗari-ɗari da masu ƙarfi a yankuna. A 1995 ta ci garuruwa uku a kudancin ƙasar, Toulon da Orange da Marignane, ta ƙara da Vitrolles a 1997. A ƙarshen 1998 Bruno Mégret, wanda ya yi aikin gina rassan, ya ɓalle tare da kaso mai yawa na jami'ai da zaɓaɓɓu. Magadan garin Vitrolles da Marignane suka bi shi, na Toulon ya fice a 1999, na Orange kuma ya raba gari da jam'iyyar a 2005. Ta haka garuruwan huɗu suka suɓuce mata.

Marine Le Pen, wadda ta karɓi shugabanci a 2011, ta mayar da hankali ga kafa tushe a garuruwa ba tare da sakin linzami ba. Waɗanda suka ci garuruwa irin su Hénin-Beaumont da Fréjus a 2014, da Perpignan a 2020, 'yan cikin da'irar shugabancin jam'iyya ne. Ta kori mahaifinta a 2015, aka sauya suna zuwa RN a 2018. A 2022 mambobi suka zaɓi Jordan Bardella da kimanin kashi 85 cikin ɗari a kan Louis Aliot, magajin garin Perpignan. Wato ɗan gaban goshin hedikwata ya kayar da mai riƙe da gari mafi girma da jam'iyyar ke mulka.

4.3 Tarayya a Suna, Tsauri a Aiki: Lega ta Italiya

Lega ta samu ne daga haɗewar ƙungiyoyin yankunan arewacin Italiya, musamman na Lombardiya da Veneto, waɗanda suka zama jam'iyya ɗaya a 1991 ƙarƙashin Umberto Bossi. Tun da aƙidarta ita ce 'yancin yankuna, sai ta kira hedikwatarta matakin tarayya, rassan yankuna kuma matakin ƙasa. Ta gina ofisoshi a ƙananan garuruwa, ta raya taron shekara-shekara na Pontida, ta zama ɗaya daga cikin jam'iyyu mafiya kusanci da siffar da Duverger ya zana.

Dabararta ta tace mutane ita ce raba mambobi mataki biyu. Kowa na iya yankar katin magoya baya, amma ba a zama cikakken ɗan gwagwarmaya mai ikon zaɓe da tsayawa takarar muƙamin jam'iyya sai bayan an ɗauki lokaci ana ganin hidimar mutum, kuma na sama sun amince. Idan reshe ya nuna taurin kai, hedikwata na iya rushe shugabancinsa ta tura kantoma. A 2015 Matteo Salvini ya kori Flavio Tosi, magajin garin Verona kuma shugaban jam'iyya na Veneto, bayan taƙaddama kan takarar yankin.

Salvini, wanda ya zama shugaba a 2013 bayan badaƙalar kuɗi ta tilasta wa Bossi murabus a 2012, ya mayar da jam'iyyar ta ƙasa baki ɗaya, ya shiga neman ƙuri'a a kudancin da a da take zagi. Ƙuri'unta suka tashi daga kashi 4 cikin ɗari a 2013 zuwa 17 a 2018, da 34 a zaɓen majalisar Turai na 2019, sannan suka faɗo ƙasa da 9 a 2022. A wannan tsakani gwamnonin arewa sun riƙe nasu ƙarfi. Luca Zaia ya sake lashe Veneto a 2020 da fiye da kashi 76 cikin ɗari, kuma jerin 'yan takarar da ke ɗauke da sunansa ya ninka na Lega fiye da sau biyu. Irin wannan gwamna ya fi ƙarfin a tura masa kantoma, sai dai a yi sulhu da shi.

4.4 Reshen da Ya Haɗiye Uwa: SVP ta Suwizalan

Suwizalan tarayya ce mai jihohi 26, kuma jam'iyyunta a al'ada gamayyar jam'iyyun jihohi ne. SVP, wadda aka kafa a 1971, jam'iyyar manoma da ƙananan 'yan kasuwa ce mai sassaucin ra'ayi, cibiyarta a Bern. Canji ya taso ne daga reshe guda. Attajiri Christoph Blocher ya shugabanci reshen Zurich daga 1977 zuwa 2003, ya sauya masa salo zuwa adawa da baƙi da Tarayyar Turai. Nasarar da ɓangarensa ya samu a ƙuri'ar raba gardama ta Disambar 1992, inda aka ƙi shiga yankin tattalin arzikin Turai, ta ba shi damar yaɗa salon. An kafa sababbin rassa a jihohin da jam'iyyar ba ta da su, kuma suka taso da aƙidar Zurich, har tsofaffin rassa suka zama marasa rinjaye.

Rikicin 2007 ya tona iyakar ikon hedikwata. A watan Disambar shekarar majalisa ta ƙi sake zaɓen Blocher a majalisar zartarwa ta tarayya, ta zaɓi Eveline Widmer-Schlumpf, 'yar SVP daga jihar Graubünden. Uwar jam'iyya ta so korarta, amma ikon korar mamba na reshen jiha ne, reshen kuma ya ƙi. Abin da ya rage mata shi ne korar reshen gaba ɗaya, ta kuwa yi hakan a watan Yunin 2008, ta kafa sabo. Waɗanda aka kora da masu goya musu baya suka kafa jam'iyyar BDP. SVP ta ci gaba da zama ta ɗaya a ƙasar, da kashi 29.4 a 2015 da 27.9 a 2023.

4.5 Rassa Masu Juya Hedikwata: FPÖ da AfD

A Ostiriya Jörg Haider ya karɓi FPÖ a 1986, ya kai ta kashi 26.9 a 1999. Da ta shiga gwamnati a 2000 ya sauka daga shugabanci, amma ya ci gaba da zama gwamnan jihar Karintiya, daga can yake sukar ministocin jam'iyyarsa. A Satumbar 2002 wakilan rassa suka taru a Knittelfeld suka yi wa ministocin bore, manyansu suka yi murabus, gwamnati ta rushe, ƙuri'un jam'iyyar suka koma kashi 10.

A 2005 Haider ya kafa BZÖ, ya tafi da ministoci da akasarin 'yan majalisa da reshen Karintiya. Yawancin sauran rassa suka tsaya a FPÖ ƙarƙashin Heinz-Christian Strache, shugaban reshen Biyana. Haider ya rasu a 2008, BZÖ ta fita daga majalisa a 2013, FPÖ kuwa ta farfaɗo, ta tsallake badaƙalar da ta kayar da Strache a 2019, ta zo ta ɗaya a zaɓen 2024 ƙarƙashin Herbert Kickl. Wannan shi ne misali mafi bayyana na cewa rassa sun fi shugaba tsawon rai.

A Jamus doka ce ta ɗaure hannun hedikwata. Sashe na 21 na kundin tsarin mulki ya wajabta dimokuraɗiyya a cikin jam'iyyu, rassan jihohi ne ke tsara jerin 'yan takara ta ƙuri'ar sirri, kuma kotun cikin gida ta jam'iyya ce kaɗai ke korar mamba. A 2017 shugabannin AfD na ƙasa suka nemi korar Björn Höcke, shugaban reshen Turingiya, saboda wani jawabi da ya yi a Dresden, amma kotun jam'iyya ta jiharsa ta yi watsi da buƙatar a 2018. Shugabanni uku na ƙasa, Bernd Lucke a 2015 da Frauke Petry a 2017 da Jörg Meuthen a 2022, duk sun bar jam'iyyar bayan sun kasa shawo kan ɓangaren masu tsauri, wanda ƙarfinsa ke jihohin gabas. Höcke kuwa yana nan, reshensa ya zo na ɗaya a zaɓen Turingiya na 2024 da kashi 32.8.

5.0 Abubuwan da Ke Haifar da Bambanci

Abu na farko shi ne asali, kamar yadda Panebianco ya nuna. PVV da FN daga sama aka gina su, rassansu babu ko kuma raunana ne. Lega da SVP daga yankuna suka taso, shi ya sa har yau hedikwatarsu ke ciniki da manyan yankuna.

Na biyu shi ne tsarin ƙasa. Inda jihohi ke da gwamnati da majalisa da kasafin kuɗi, kamar Suwizalan da Ostiriya da Jamus, shugaban reshe yana da muƙamai da zai raba da dandalin da zai yi magana. A Holan, inda ake zaɓen majalisa da jerin sunaye kuma ƙasar tamkar mazaɓa ɗaya ce, jam'iyya na iya cin kujeru ba tare da ofishi a kowane gari ba.

Na uku shi ne doka da kuɗi. Tsarin PVV ba zai halatta a Jamus ba. Haka kuma duk inda tallafin gwamnati ko gudummawar attajirai ke bi ta hedikwata, rassa kan zama masu roƙo, inda kuma reshe ke da nasa kuɗi, kamar Zurich a zamanin Blocher, shi ake saurara.

Na huɗu shi ne shiga gwamnati. Minista dole ya yi sassauci da abokan haɗin gwiwa, ɗan gwagwarmaya a reshe kuwa yana ganin sassaucin a matsayin cin amana. Knittelfeld ta nuna abin da ke faruwa idan rassa na da ikon kiran taro, LPF kuma ta nuna abin da ke faruwa idan babu ingantaccen tsari ko kaɗan.

Duk da waɗannan bambance-bambance akwai siffa guda da ta bayyana a yawancin misalan. Hedikwata tana riƙe manufa da saƙon yaƙin zaɓe, kuma kafafen sada zumunta irin su Facebook da TikTok sun ƙara mata ƙarfi, tun da shugaba na iya isa ga magoya baya kai tsaye. Rassa kuma ana bar musu aikin ƙasa da zaɓen ƙananan 'yan takara da al'amuran garinsu. Mamba yana samun zumunci da jin cewa yana cikin wata tafiya, amma ba kasafai ake tambayarsa alƙiblar tafiyar ba.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kallon jam'iyyun riƙau masu da'awar talakawa a matsayin mallakar mutum ɗaya bai dace da dukkansu ba. Siffar ta yi daidai da PVV, ta yi kusa da RN, amma ta gaza bayyana SVP da FPÖ da AfD, inda rassa suka sauya alƙiblar jam'iyya, ko suka raya ta bayan tafiyar shugaba, ko suka kori shugabanni a fakaice. Tattara iko yana kawo ladabi da murya ɗaya, amma yana hana samun ƙwararrun da za su riƙe mulki, kuma yana ɗaure makomar jam'iyya ga lafiyar mutum guda. Sakin iko yana kawo ɗorewa, sai dai a misalan Zurich da Turingiya rassan da suka yi ƙarfi sun ja jam'iyya ne zuwa ƙarin tsauri, abin da ke nuna cewa ƙarfin reshe ba lamuni ba ne na sassauci. Ga mai nazarin harshen siyasa, abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin da'awa da aiki. Jam'iyyun da suka fi kowa kiran sunan talaka a dandalin taro, da yawansu sun tsara cikin gidansu ta yadda mamba na ƙasa ba shi da ta cewa a kan manufa.